Mayar da leda man fetur: Darasin da ya kamata a ɗauka daga Abare kafin a ɗora duro a wuta

Duk wanda ya ratsa kasuwar Anka, ko ta Gummi, ko ta Nasarawar Burkullu da yamma bayan an watse, ya san abin da ake bari a ƙasa: baƙar leda, farar leda, ledar fiya wata, da ɓallin bokiti da robar lemo. Iska ta kwashi wasu ta rataye a ƙaya, ruwa ya kwashi wasu ya cusa a kwata, awaki su cinye sauran. Mahauta sun saba fede akuya su tarar da dunƙulen leda a tumbinta.

A gefe guda kuma ga tsadar mai. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai Naira 200 ba. Zuwa watan Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000. A ƙauye kuwa, inda ake saye a hannun 'yan bumburutu, kullum farashin ya ɗara na birni. Mai injin ban-ruwa a fadama, da mai injin niƙa, da ɗan acaɓa, kowa ya ji a jikinsa.

Shi ya sa bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook suke jan hankali: matashi ya cika duro da leda, ya hura wuta a ƙarƙashi, ga wani ruwa mai kalar shayi yana ɗiga daga bututu, a zuba a janareta ya tashi. Ga shara ta ragu, ga mai ya samu. Wa zai ƙi?

Abin ba rufa-ido ba ne, kimiyya ce tabbatacciya. Sai dai akwai abubuwan da bidiyon minti biyu ba ya nunawa, kuma a duk Najeriya da wuya a samu mutanen da suka fi na Abare da ƙauyukan da ke kewaye da ita sanin yadda sana'a mai kawo kuɗi kan shigo da ajali har tsakar gida.

Yadda leda ke komawa mai

Asalin leda da roba daga ɗanyen mai da iskar gas ake yin su. Don haka mayar da su mai kamar warware tufka ce. Ana zuba su a tukunyar ƙarfe da aka rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba, a gasa ta har zafin ya kai tsakanin digiri 350 zuwa 500. Da yake babu iskar da wuta ke buƙata, ledar ba ta kamawa. Narkewa take yi ta koma tururi. Tururin ya bi bututu, a ratsa da bututun ta cikin ruwan sanyi, sai ya koma ruwa ya ɗiga. Masana na kiran wannan hanya fairolisis.

Abubuwa uku ke fitowa. Akwai man da ake nema. Akwai wata iskar gas da ba ta komawa ruwa komai sanyi, wadda a injin da aka ƙera da kyau ake mayar da ita ƙarƙashin tukunya ta zama makamashi. Sai kuma baƙin gawayi da ke saura a gindin tukunya. Mu riƙe wannan gawayin, za mu dawo kansa.

Man da ya ɗigo ba fetur ba ne kai tsaye. Gauraye ne na mai sauƙi irin fetur, da matsakaici irin kananzir, da mai nauyi irin man gas, da kuma kakin da ke daskarewa idan ya huce. Sai an sake dafa shi an rarrabe kafin kowane kashi ya yi kama da sunansa. Wanda ya zuba shi haka nan a babur, injin zai tashi, amma bakanike ne zai ci ribar.

Game da yawa kuma, kilo ɗaya na leda mai tsabta, busasshiya, a inji mai kyau, abin da take bayarwa bai cika wuce lita ɗaya ba. A duron da mai walda ya haɗa a bakin hanya, ƙasa da haka ne. Ledar fiya wata kuwa ba ta da nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin su cika kilo. Ke nan jarka ɗaya mai lita 25 tana cin dubban ledoji, waɗanda sai an tsince, an kakkaɓe ƙasa, an shanya. Sannan a sa kuɗin itacen da za a ƙona na sa'o'i, a yankin da dazuzzukansa ke ƙarewa, kuma shiga daji neman itace ya zama sayar da rai.

Wannan lissafi kaɗai ya nuna cewa ƙauye kamar Abare ba ya tara ledar da za ta riƙe inji kullum. Garuruwa masu manyan kasuwanni, irin su Gusau da Talata Mafara da Gummi, su ne ke da sharar da za a yi maganar sana'a a kanta.

Abin da ya faru a 2010

A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka lura agwaginsu na mutuwa. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Daga nan sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai mutuwa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba.

A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka kai rahoton yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Binciken da aka yi tare da hukumar CDC ta Amurka a ƙauyukan Dareta da Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar yaran da suka rasu a yankin an ƙiyasta ta kai 400 ko fiye, aka kuma yi wa dubbai magani.

Mene ne ya kawo wannan? Zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, dutsen da ake haƙowa a yankin kuma yana ɗauke da dalma mai yawa. Maza suna kawo dutsen gida a buhuna. Ana farfasa shi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a kan tabarma, da ƙwaryar fura, da hatsin da aka shanya. A wasu wurare dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Babu wanda ya yi niyyar cutar da ɗansa. Mutane sun samu hanyar abinci ce, suka yi ta da kayan da ke hannunsu, a wurin da ya fi musu sauƙi, wato cikin gida.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Masarautu da hukumomi suka sa aka fitar da sarrafa dutse daga cikin gari. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jihar Zamfara da mutanen ƙauyukan, suka bi gida-gida suna kankare saman ƙasa da fartanya, a kwashe a binne a rami, a zubo sabuwar ƙasa. An fara da Dareta da Yargalma, sannan daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka yi Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matsin lambar 'yan fafutuka ya sa gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi. MSF ba ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha ba sai a 2022. Yaran da suka rayu, da yawa gubar ta bar musu tabo a ƙwaƙwalwa, wanda magani ba ya gogewa.

Ina ruwan leda da dalma?

Akwai ruwanta, kuma ta hanyoyi fiye da ɗaya.

Ba duk roba ce iri ɗaya ba. Idan ka juya gindin roba, sau da yawa za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 da 4 da 5 su ne masu ba da mai sosai: jarkoki, ledar fiya wata, ledar cefane, bokitai, kujerun roba, marufan kwalba, da buhunan taki da na shinkafa. Lamba 1, wato robar ruwa da ta lemo, ba ta ba da man kirki, sai wani farin gari mai tsami da ke toshe bututu. Gara a sayar da ita ga masu ƙulla zoɓo da kunun aya, ko 'yan gwangwan.

Matsalar tana lamba 3, wadda ake kira PVC. Ita ce bututun famfo, da tiyo, da rigar wayar lantarki, da ledar ɗaki, da wasu takalman roba. Fiye da rabin nauyin asalin wannan roba sinadarin kulorin ne. Idan ta ji zafi tana fitar da iska mai tsami da ke ƙona huhu da ido, tana cin ƙarfen tukunya, tana kuma lalata man. Idan iska ta samu shiga, ana iya samun gubar dayoksin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin masu haddasa ciwon daji.

Sannan shekara da shekaru masana'antu suna sa sinadaran dalma a cikin PVC don kada zafi ya lalata ta. Kamfanonin Turai sun daina zuwa 2015, amma tsofaffin bututu da wayoyi suna nan a bola, kuma ba ko'ina aka daina ba. Wasu launukan rawaya da ja da ake rina roba da su ma daga dalma ake haɗa su. Dalma kuwa ba ta ƙonewa ta ɓace. Mafi yawanta tana zama a cikin wancan gawayi na gindin tukunya. Idan aka juye shi a bayan gida, ya bushe, iska ta ɗauka, kaji su tona, yara su yi wasa a kai, an koma gidan jiya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi da bokitin ruwa. A yanki guntun roba a tsoma. Masu lamba 2 da 4 da 5 suna tasowa sama, PVC da robar lemo suna nutsewa. Amma a yankin Anka da Bukkuyum wannan gwaji bai isa ba, don akwai abubuwa biyu da za su taso sama kuma su ne mafi haɗari. Na farko kwankon batirin mota da na sola: robarsa mai kyau ce, amma cikinsa dalma ce zalla. Na biyu buhun da aka ɗauko dutsen zinare a ciki. Buhun irin robar da ake so ne, sai dai ƙurar da ke maƙale a saƙarsa ita ce ta kashe yara a 2010. Haka ma robobin maganin feshi, waɗanda suka cika gonaki tun da manoma suka koma kashe ciyawa da magani.

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, bayan fiye da shekara biyar, irin waɗannan buhuna ba za su yi wuyar samu a bola ba.

Wuta da fashewa

Guba tana kisa a hankali, wuta kuwa nan take. Duron da ake dafa leda cike yake da tururin mai mai zafin gaske. Idan kaki ya daskare ya toshe bututu, tururin ba shi da mafita sai ya fasa inda walda ta fi rauni. Idan aka yi gaggawar buɗe murfi kafin ya huce, iska ta shiga, sai ya kama da wuta a fuskar mai buɗewa.

Haɗari na biyu yana bin man har gidan mai saye. Kananzir na gaskiya ba ya kamawa da wuri, shi ya sa ake iya zuba shi a risho da fitila. Man leda da ba a rarrabe da kyau ba yana da kason fetur a ciki, ko da kalarsa da warinsa sun yi kama da kananzir. Najeriya ta sha binne mata da yara saboda gurɓataccen kananzir. A ganina, ko da komai ya tafi daidai, wannan mai bai kamata ya shiga ɗakin girki ko fitila ba. Wurinsa injin da ke zaune a fili, ko tanderun masana'anta.

Kudancin ƙasar nan ya riga ya nuna ƙarshen dafa mai a duro ba tare da ƙa'ida ba. Tun daga 2016 mazauna Fatakwal suke fama da baƙar ƙura da ke sauka a kan kaya da cikin hanci, wadda aka danganta da haramtattun matatun cikin daji. A watan Afrilun 2022 ɗaya daga cikin irin waɗannan matatu ta fashe a yankin Ohaji-Egbema na jihar Imo, mutum fiye da 100 suka ƙone. Ɗanyen mai suke dafawa ba leda ba, amma tukunyar da bututun da wutar duk iri ɗaya ne.

Inda aka gwada

Wuraren da aka fi sanin talakawa na dafa leda don mai, wurare ne da yaƙi ya rufe. Mutanen Douma da ke Gabashin Ghouta a Siriya sun yi haka a shekarun da aka yi musu ƙawanya, mutanen Gaza ma suna yi. Masu aikin suna tsaye cikin baƙin hayaƙi babu kariya, saboda babu wani man da zai shigo. Dole ce ta sa, ba wanda zai kira wannan tsaftace muhalli.

A inda ake da kuɗi da injiniyoyi ma abin bai zo da sauƙi ba. A 2021 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi diddigin ayyuka 30 na sarrafa roba ta irin waɗannan sababbin hanyoyi a ƙasashe daban-daban, ya tarar mafi yawansu ko dai ba su wuce ƙaramin mataki ba, ko an rufe su. Babban abin da ke kayar da su shi ne datti da gaurayen shara, wato dai matsalar da ke jiran duk wanda zai kwaso leda daga kwatar kasuwa. A Indiya kuma, a 2019 hukumar hana gurɓata muhalli ta ba da umarnin rufe wurare 270 da ke dafa tsofaffin tayoyi don fitar da mai, saboda karya ƙa'ida.

Wasu ƙasashen ta bakin tulu suka tare. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar a 2014, ko da yake wanda ya je kasuwar Maraɗi zai ga yadda doka da aiki suka raba hanya. Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024.

To, a bar ledar a kwata?

A'a. Abin da ake yi yanzu ma ba alheri ba ne. Ana cinna wa bola wuta a tsakiyar unguwa, hayaƙin ya kwana a ɗakuna. Mata da yawa da leda suke kunna itace da safe, fuskarsu a kan murhu, goyo a baya. Inji rufaffe da aka ƙera da ilimi, aka ajiye a bayan gari, ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Sai dai a fara da abin da ya fi sauƙi. Roba mai tauri tana da kasuwa: 'yan gwangwan suna saye a kan kilo, a niƙa, a kai masana'antun Kano da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai, ta dawo a matsayin buta da bokiti da silifa. Wadda za ta iya komawa bokiti asara ce a ƙona ta a inji. A Sabon Yelwa da ke kusa da Kaduna, tun 2011 aka gina gida da robobin ruwa da aka ɗura wa yashi. Akwai kuma masu narka leda su gauraya da yashi su yi bulon daɓe. Abin da ya rage bayan duk wannan, wato siririyar ledar da ba mai saye, ita ce abincin injin mai.

Idan ƙaramar hukuma ko wani ɗan kasuwa zai kafa irin wannan inji a Anka ko Gummi, sharuɗɗan ba baƙi ba ne a yankin, domin kusan su ne waɗanda aka gindaya wa masu niƙa dutse bayan 2010. A yi shi nesa da gidaje da rijiyoyi, a duba inda iska ke kaɗawa da rani da damina. A kewaye wurin, a daɓe shi da siminti. Kada yaro ya shiga, ko da da sunan tsintar leda ko kawo abinci. Ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi a wurin aiki kafin ya koma gida ya ɗauki ɗansa. Gawayin gindin tukunya ya samu ramin kansa mai rufi, kada a sayar da shi a matsayin gawayin girki, kada kuma a kai shi gona a matsayin taki. Wannan na ƙarshen shi na fi jin tsoro, don manomin ƙasar Hausa ya saba kwasar tokar bola zuwa gona, kuma baƙin gari mai laushi zai yi masa kama da taki mai kyau.

Akwai kuma batun hukuma, wanda a Zamfara ba ƙarami ba ne. Tace mai da sayar da shi aiki ne da ke buƙatar lasisin hukumar NMDPRA a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, hukumar NESREA kuma ita ke sa ido kan gurɓata muhalli. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su yi aiki, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun man babura. Matashin da aka tare a hanyar Anka zuwa Bagega da jarkokin man da ba shi da takarda, bayanin kimiyya ba zai fitar da shi ba. Wanda ya kafa tukunya a ƙauyen da ba tsaro kuma, ya san su wa za su fara zuwa ciniki, kuma ba lallai su biya ba.

Jihar ba ta rasa inda za a nemi ilimin ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Zariya. Matashin da ya iya walda kuma yake da sha'awar abin, ya fi masa ya kai zanen tukunyarsa da samfurin mansa irin waɗannan wurare a duba, kafin ya sayar wa kowa ko da kwalba ɗaya.

Wani abu kuma da masifar 2010 ta bari a Zamfara shi ne ƙwarewa. Lokacin kankare ƙasa a Abare da Bagega, an yi amfani da wata na'urar hannu mai kama da bindigar wasan yara, wadda ake kira XRF. Ana ɗora bakinta a ƙasa, cikin ƙasa da minti guda ta nuna yawan dalmar da ke wurin. An koya wa ma'aikatan muhalli na jihar aiki da ita. Wannan na'ura tana karanta dalma a jikin roba, da cikin toka, da ƙurar buhu, kamar yadda take karanta ta a ƙasar tsakar gida. Hakimi ko shugaban ƙaramar hukumar da aka zo wa da maganar kafa injin leda yana da damar ya ce a fara kawo ta, a auna abin da za a zuba a tukunya, a kuma auna abin da zai saura a gindinta bayan dahuwar farko.